Daga Fijo zuwa 'Yar Kwatano: Tarihin Tamostat ɗin da Muke Jefarwa

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega a watan Afrilu, ya ratsa Boɗinga ya doshi Shagari, ya san wannan hoton. A gefen titi wajen Lambara za ka tarar da mota an ɗaga bonet, fasinjoji sun fake a ɗan inuwar da suka samu, yaron mota ya bazama neman ruwa da jarka. Idan aka isa gareji, hukuncin kusan ɗaya ne: a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye. Bakanike zai ce ai don ƙasar sanyi aka yi shi. Wannan fatawa tana da tarihi.

A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, kuma cikin 'yan shekaru Fijo 504 ta zama motar gwamnati, motar haya, motar alhazai. A hannunta yawancin manyan kanikawan Arewa suka koyi sana'a. Mota ce mai kafireto, babu kwamfutar da ke auna zafinta. Lagiretonta na tagulla ne: in ya toshe a buɗe a tsokace shi, in ya yoyo a like da dalma. Idan tamostat ya maƙale a rufe, injin ya tafasa, cire shi yakan kawo sauƙi nan take, kuma motar ta yafe laifin. Dabarar gaggawa ce, sannu a hankali ta zama ƙa'ida.

Sai 1986 ta zo. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, har sunan garin ya zama sunan motar. Motocin sun ci gaba da sauyawa, koyarwar gareji ta tsaya inda take.

A nan ne, a ganina, aka yi kuskuren. Tamostat ba ruwansa da ƙanƙarar Beljiyam. Ɗan bawul ne da ke tsare ruwa a cikin injin har ya kai zafin aiki, galibi tsakanin digiri 80 da 90 a ma'aunin Salshiyos, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, iskar waje ba ta kusanci wannan zafi ba. Da asubahin hunturu kuwa, injin da aka cire wa tamostat yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta ci gaba da ƙara masa fetur, a sha mai a banza, ƙarfe ya ci ƙarfe. Abin da ya fi muni: a injuna da dama, tamostat ne ke toshe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe. Ka cire shi, wani kaso na ruwan ya riƙa kewayawa bai leƙa lagireto ba, maganin ya koma cuta.

To me ke tafasa motocin? Sau da yawa jarkar nan ce. Wani sashe na ƙasar Sakkwato yana zaune ne a kan dutsen da ake yin siminti da shi, dalilin kafa masana'antar Kalambaina ke nan. Ruwan rijiya daga irin wannan ƙasa yana barin farin gasa, irin wanda ake gani a cikin butar shayi. Bututun lagireton zamani siraran alminiyam ne, kawunansu na roba, ba sa jure tsokacin da aka saba yi wa na Fijo. Ruwan sanyaya injin da ake sayarwa, kore ko ja, yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, abin da ruwan rijiya bai da shi.

Akwai kuma murfin lagireto, wanda ba a cika kallonsa ba. Shi ke riƙe matsin da ke sa ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. In robarsa ta mutu, ruwan zai tafasa da wuri ya tsere. Saboda wannan matsin ne buɗe murfi da zafi ke sale fuskar mutum. Sai an kashe mota, an jira ta huce.

Bayan murfi, a duba tiyo ko yana yoyo, fanka ko tana tashi idan allura ta hau, da famfon ruwa. Tamostat ɗin kansa gwajinsa ba wuya: a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, mai lafiya zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. Wanda ya ƙi, a sayi sabo. Idan kuwa aka ga kumfa na tasowa a bakin lagireto, ko farin hayaƙi a salansa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gasket ya riga ya ƙone, kuma ruwan Lambara duka ba zai kai motar Tambuwal ba.