Wankin haƙori mai zurfi: Mene ne shi, kuma wa ke buƙatarsa?

Wankin haƙori mai zurfi aiki ne da ake yi a asibiti domin cire kantsa da ƙwayoyin cutar da suka taru a ƙarƙashin dasashi, inda buroshi ko asuwaki ba sa kaiwa. Shi ne matakin farko na maganin cutar dasashi, wadda jama'a suka fi sani da amosanin baki.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa cutar dasashi mai tsanani na damun kimanin kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, wato sama da mutum biliyan 1. Tana cikin manyan dalilan zubewar haƙora ga manya.

Yadda cutar ke somawa

Kullum wani datti mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, yana taruwa a gindin haƙori. Idan ba a goge shi ba, cikin 'yan kwanaki sai ya daskare ya zama kantsa. Daga nan dasashi ya kumbura, ya riƙa fitar da jini idan an goge baki. A wannan mataki ana warkewa sarai.

Idan aka yi sakaci, dasashin zai saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu, cutar ta fara cin ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori. Alamominta sun haɗa da warin baki da ba ya tafiya, da fitar mugunya, da girgiɗi. Sau da yawa babu zafi, shi ya sa mutane ke makara. Masu shan taba da masu ciwon suga sun fi shiga haɗari.

Yadda ake yin aikin

Likita kan fara da auna zurfin ramin da wani siririn ma'auni. Milimita 1 zuwa 3 shi ne na mai lafiya. Daga milimita 4 zuwa sama, musamman idan da jini, alama ce ta cuta. Akan ɗauki hoton haƙora domin ganin yawan ƙashin da ya zaizaye.

Aikin kashi biyu ne. Na farko kankare kantsa daga sama da ƙarƙashin dasashi, da na'ura mai karkarwa da fesa ruwa, ko da ƙarafan hannu. Na biyu tsabtace jikin saiwar ya yi sumul, domin dasashi ya sake kama ta. Akan yi allurar kashe zafi, kuma yawanci ana raba bakin, a kammala cikin zuwa 2 zuwa 4. Wannan ya bambanta da wankin yau da kullum, wanda ke tsayawa a iyakar dasashi.

Bayan an gama

Haƙora kan yi tsami idan an sha ruwan sanyi ko abu mai zafi, na 'yan kwanaki ko makonni. Akwai masu cewa wankin na buɗe giɓi ko sa haƙori girgiɗi. Gaskiyar ita ce kantsa da kumburi ne suka rufe ɓarnar da cutar ta riga ta yi, suna gushewa sai ta fito fili.

Akan koma awo bayan mako 6 zuwa 8. Idan ramukan ba su ragu ba, ana iya buƙatar tiyata. Wankin yana tsayar da cutar, amma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa, don haka akan nemi majiyyaci ya riƙa komawa kusan duk wata 3.

Rigakafi da hattara

Goge baki sau 2 a rana da man goge baki mai sinadarin fuloraid, da sakace tsakanin haƙora da zare, su ne ginshiƙin rigakafi. Asuwaki na cire datti mai laushi, amma ba ya iya kantsar da ta daskare. Kankare haƙori da gawayi, toka ko reza lahani yake ƙarawa.

Mai ciwon zuciya, da mai shan maganin tsinka jini, da mai juna biyu, su sanar da likita kafin a fara. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano suna da sashen haƙori, kuma wajibi ne likitan ya kasance mai rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya.