BABI NA UKU: TARIHIN NEMAN 'YANCIN ZAƁEN SHUGABAN ƘASA GA 'YAN GANA MAZAUNA ƘETARE

3.0 Gabatarwa

Wannan babi ya yi nazarin kai-komon da aka yi a ƙasar Gana a kan ba 'yan ƙasa mazauna ƙetare damar zaɓen shugaban ƙasa. Manufarsa ita ce ya nuna cewa kafa doka daban, aiki da ita kuma daban.

3.1 Asalin Matsalar

Taɓarɓarewar tattalin arziki a shekarun 1970 ta sa ɗimbin 'yan Gana barin gida don neman abinci, musamman zuwa Nijeriya. Bayan korar baƙin haure da gwamnatin Shehu Shagari ta yi a 1983, wadda ta shafi 'yan Gana wajen miliyan 1, da yawa sun karkata zuwa Ingila da Amurka da Jamus.

Da aka koma mulkin farar hula, sashe na 42 na tsarin mulkin 1992 ya ba kowane ɗan ƙasa mai hankali da ya kai shekara 18 'yancin yin rajista da jefa ƙuri'a. Sai dai dokar zaɓe mai lamba 284, wadda gwamnatin soja ta Jerry Rawlings ta kafa a wannan shekara, ta gindaya sharaɗin zama a mazaɓa kafin a yi wa mutum rajista. An keɓe wasu 'yan tsiraru daga wannan sharaɗi, kamar ma'aikatan jakadanci da ɗaliban da gwamnati ta tura karatu. Ke nan, abin da tsarin mulki ya ba kowa, dokar zaɓe ta hana mafi yawan mazauna ƙetare.

3.2 Gyaran Doka na 2006

A 2006, zamanin Shugaba John Kufuor na jam'iyyar NPP, majalisa ta zartar da doka mai lamba 699, wadda ta ba mazauna ƙetare damar yin rajista. Jam'iyyar adawa ta NDC ta ƙaurace wa zaman majalisa, aka kuma yi zanga-zanga a Akara. Hujjarta ita ce, ofisoshin jakadanci suna hannun gwamnati mai ci, saboda haka sa ido a kan ƙuri'un waje zai yi wuya.

Zaɓen 2008 ya nuna girman abin da ake jayayya a kansa. A zagaye na biyu, John Atta Mills na NDC ya kayar da Nana Akufo-Addo na NPP da ratar ƙuri'a kimanin 40,000 kacal. A zaɓen shugaban ƙasa, ƙasar gaba ɗaya mazaɓa guda ce, don haka ƙuri'un ƙetare kaɗan za su iya sauya sakamako.

3.3 Hukuncin Kotu

Dokar 2006 ta ɗora wa Hukumar Zaɓe alhakin tsara ƙa'idojin aiwatarwa, amma aka shafe fiye da shekara 10 ba a yi ba. Wannan ya sa wasu mazauna ƙetare suka kai ƙara. A Disambar 2017, Babbar Kotu a Akara ta umarci hukumar ta aiwatar da dokar cikin wata 12. Hukumar ta kafa kwamitin tuntuɓa, amma duk da haka aka yi zaɓen 2020 da na 2024 ba tare da an buɗe wa sauran mazauna ƙetare rumfunan zaɓe ba.

3.4 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa tsarin mulki da majalisa da kotu duk sun tabbatar da wannan 'yanci. Abin da ya rage shi ne ƙa'idojin rajista da kuɗin aiki da kuma amincewa tsakanin jam'iyyu. Babi na gaba zai duba waɗannan matsaloli ɗaya bayan ɗaya.