SAMPEA 20-T

SAMPEA 20-T wani irin wake ne da aka sauya wa ƙwayoyin halitta domin ya kare kansa daga tsutsar Maruca, wadda ke cinye fure da kwanson wake a gona. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ce ta samar da shi ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, da haɗin gwiwar gidauniyar AATF da hukumar CSIRO ta Ostireliya.

Yadda yake aiki

An sanya wa waken ƙwayar halitta mai suna Cry1Ab, wadda aka ciro daga Bacillus thuringiensis, wata bakteriya da ke rayuwa a cikin ƙasa. Ita ke sa shukar ta samar da sinadarin da ke lalata hanjin tsutsar idan ta ci. Sinadarin ba ya kashe sauran ƙwari, shi ya sa manomi ke yin feshi kamar sau 2 a damina, maimakon 6 zuwa 8.

Amincewa da suka

Hukumar NBMA ta amince da waken a Janairun 2019, aka yi masa rajista a Disamban shekarar. Ƙungiyoyi irin su HOMEF na adawa da shi, suna nuna damuwa kan lafiyar jama'a da makomar irin gargajiya.