Alheri, Bangaskiya da Aiki: Tarihin Kalmomin Ceto a Hausar Kiristocin Ƙasar Katsina

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda wata tsohuwar muhawara ta addinin Kirista ta shigo cikin harshen Hausa, da irin sauyin da ta samu bayan shigowarta. Muhawarar kuwa ita ce: da me ɗan'adam yake samun tsira a Lahira? Da kyautar Allah ce tsantsa, wadda bawa yake karɓa ta hanyar ba da gaskiya, ko kuwa aikinsa na ƙwarai yana da nasa rabo? Za a dubi kalmomin da masu fassara suka zaɓa, sa'an nan a dubi yadda al'amarin ya kasance a ƙasar Katsina. Abin da ake son nunawa shi ne, kalmar da aka zaɓa domin ta ware kyautar Allah daga aikin bawa, a bakin Bahaushe ita kanta sunan aiki ce.

2.0 Asalin Muhawarar

Tushen maganar yana cikin Sabon Alkawari. A wasiƙunsa zuwa ga Romawa da Afisawa, Bulus ya nanata cewa ceto kyauta ce daga Allah, kuma aikin mutum ba ya sayen ta. Kalmar Girkanci da ya yi amfani da ita, wato "karis", tana nufin baiwar da ake yi wa mutum ba don ya cancanta ba. Wasiƙar Yakubu kuwa, a sura ta 2, ta ɗauki bangaskiyar da ba ta haifar da aiki tamkar gawa. Daidaita waɗannan nassosi shi ya ɗauki malaman Kirista ɗaruruwan shekaru.

A farkon ƙarni na 5, Agustin, bishop na garin Hippo (Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau), ya yi jayayya da wani malami mai suna Felajiyus, wanda ya ba ƙoƙarin mutum babban matsayi. Majalisar malamai da ta zauna a Kartaj a 418 ta goyi bayan Agustin. A 1517 Martin Luther ya sake tayar da maganar a Jamus, kuma koyarwarsa ta tsaya a kan cewa bangaskiya kaɗai ke kuɓutar da mai zunubi, aiki kuwa 'ya'yan itacen ne, yana zuwa daga baya. Cocin Katolika ta mayar da martani a Taron Tirent, inda a 1547 ta ce ceto daga baiwar Allah yake farawa, amma bawa yana ba da haɗin kai, kuma aikinsa a cikin wannan baiwa yana da sakamako. Sai ran 31 ga Oktoba, 1999, a garin Augsburg, wakilan Katolika da na mabiya Luther suka sa hannu a kan sanarwar da ta rage wannan tazara.

3.0 Shigowarta Cikin Hausa

Waɗanda suka fara sa wannan magana cikin Hausa daga ɓangaren Furotesta suka fito. J. F. Schön, Bajamushe ma'aikacin ƙungiyar CMS, wanda ya biyo ayarin Kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857. Ya dogara ƙwarai da Dorugu, yaron nan Bahaushe da Barth ya tafi da shi Ingila. Daga baya Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya daga 1905, ya ja ragamar aikin da ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. An fitar da sabuwar fassara a 1979. Wani bambanci da ke fili tsakanin su biyun shi ne, ta farko ta ce "Yesu Kristi", ta biyu kuwa ta ce "Yesu Almasihu", wato ta komo ga kalmar da Bahaushe ya riga ya sani ta hanyar Alƙur'ani.

Wannan ya nuna matsalar da masu fassarar suka tarar. Sun sami Hausa ta shafe ƙarnoni tana ɗauke da kalmomin tauhidi da fiƙihu, ta yadda duk kalmar da suka taɓa sai su iske tana da mai ita.

4.0 Kalmomin da Aka Zaɓa

Kalma ta farko ita ce bangaskiya. Ginin kalmar Hausa ne tsantsa, daga "ba da gaskiya", a kan tsarin bankwana da bangirma da banruwa. Malaman tafsiri sun daɗe suna fassara imani da "ba da gaskiya", amma da tafiya ta yi tafiya sai aka yi rabo: imani ya rinjaya a bakin Musulmi, bangaskiya kuma ta zama alamar Hausar coci. Abin lura shi ne, a cikin ginin kalmar akwai aikatau "ba", don haka kunnen Bahaushe yana jin ta a matsayin wani abu da mutum yake bayarwa.

Ta biyu ita ce ceto. A wajen Musulmi, ceto shi ne roƙon sassauci da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai yi wa al'umma ranar Alƙiyama da izinin Allah. A wajen Kirista kuwa, ceto fansa ce da suka yi imani an riga an kammala ta wurin mutuwar Almasihu da tashinsa. Ke nan maƙwabta biyu suna iya cewa "Mai Ceto" alhali kowa da wanda yake nufi, da kuma lokacin da yake nufi.

Ta uku, wadda ita ce cibiyar wannan nazari, ita ce alheri, wadda aka ba aikin "karis". Asalinta Larabci ne, daga "al-khair". Akwai wasu kalmomin aro da suke kusa da ma'anar, kamar falala da rahama da ni'ima, amma alheri ce ta zauna, ga alama saboda ta fi shiga jinin Hausar yau da kullum. Sai dai wannan shigar jinin ita ce ta jawo mata wani kaya. A al'adar Bahaushe alheri abu ne da mutum yake yi, kuma yana komowa ga mai shi. Masu iya magana kan ce, "Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza," sukan kuma ce, "Alheri gadon barci." Duka biyun suna koyar da cewa alheri ajiya ne. Haka nan "aikin alheri" shi ne sunan da kowa ya sani na kyakkyawan aiki. Saboda haka abubuwa biyun da Girkanci ya raba, Hausa ta tara su a ƙarƙashin kalma ɗaya, kuma mai wa'azin da yake son raba su dole ne ya ƙara bayani, ya ce alherin Allah yake nufi.

Duk da haka Hausa tana da hanyar bambancewa. Lada shi ne abin da ake samu saboda aiki, ko a wajen mutum ko a wajen Allah. Tukwici kuwa ɗan abin da wanda aka yi wa kyauta yake ba ɗan aiken da ya kawo ta, shi ya sa ake cewa, "Yaba kyauta tukwici." Tukwici ba ya biyan kuɗin kyauta, amma wanda ya hana shi ya nuna rashin godiya. A ganin wannan maƙala, matsayin Luther ya fi kusa da ɗaukar aiki a matsayin tukwici, Taron Tirent kuwa ya bar wa lada gurbi, tare da cewa shi ma ladan daga baiwar Allah ya samo asali. Ya kamata a tuna cewa Musulunci ma bai ce aiki kaɗai ke shigar da bawa Aljanna ba, domin ingantaccen hadisi ya danganta hakan ga rahamar Allah.

5.0 Al'amarin a Ƙasar Katsina

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, kuma gwamnati ta daɗe tana taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu. Ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, ta fi kowa tsananta koyarwar ceto ta bangaskiya kaɗai, kuma ta fifita wa'azi a kan komai. Amma ƙofar da ta buɗe mata ita ce ta jinya. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa mata kula da sansanin masu cutar kuturta na Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina, kamar yadda aka ba ta Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Sansanin na lardi ne gaba ɗaya, wanda ya haɗa da ƙasar Kurfi ta Maraɗi da ƙasar Dutsin-Ma ta 'Yandaka.

A nan tarihi ya yi wani abin mamaki. Mutanen da suka zo suna cewa aiki ba ya ceton kowa, da aikinsu aka san su: allura, da wankin miki, da koyar da karatun boko. Abin da talaka ya gani da idonsa shi ne aikin alheri, kuma da wannan ma'ana ya fara fahimtar kalmar kafin ya ji ta a cikin wa'azi. Haka abin ya kasance a ƙasar Nijar, inda SIM ta zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950.

Inda wa'azin ya fi samun karɓuwa shi ne a tsakanin Maguzawa, musamman a yankin Malumfashi da Kafur da Matazu mai maƙwabtaka da Dutsin-Ma. Cocin ECWA, wadda ta fito daga SIM a 1954, ta gaji wannan koyarwa. Katolika kuwa ta ƙarfafa aikinta a yankin bayan kafa Lardin Cocin Sakkwato a 1953, har zuwa 2023 da aka ba Katsina tata dayosis, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop nata na farko. Ta haka ɓangarori biyun muhawarar ƙarni na 16 suka haɗu a ƙasa ɗaya, suna amfani da kalmar alheri ɗaya.

6.0 Kammalawa

An ga cewa bangaskiya da ceto da alheri duk sun shiga Hausar coci ɗauke da tsohuwar ma'anarsu, kuma alheri ce ta fi ɗaukar nauyi, tunda ita ce sunan baiwar Allah, ita ce kuma sunan aikin bawa. Wannan ya wuce sha'awar manazarta kawai. A gari kamar Dutsin-Ma, inda kafa Jami'ar Tarayya a 2011 ya ƙara cakuɗa Musulmi da Kirista a aji da kasuwa, ana iya yin gardama mai zafi a kan kalmar da kowane ɓangare yake ba wata ma'ana dabam. Haƙƙi ne a kan masu tsara ƙamus su rubuta ma'anonin duka biyu a ƙarƙashin kowace kalma. Haka kuma akwai buƙatar ɗalibai su nufi ƙauyukan Matazu da Malumfashi su naɗi waƙoƙin coci da wa'azin dattawa, domin a can ne za a ji yadda Bahaushe Kirista ya warware wa kansa wannan kalma.