Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Madatsar Zobe

Duk lokacin da aka tayar da zancen yadda ƙasa ke bunƙasa cikin hanzari, Koriya ta Kudu muke kawowa misali, mu manta cewa Arewa ma ta taɓa ɗanɗana irin wannan gudu.

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawan Ingila auduga suke so don masaƙunsu, amma manoma suka auna farashi suka ga gyaɗa ta fi tsoka, suka dukufa kanta. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka baza wakilai ƙauyuka suna saye. Daga ƙasar Katsina jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, suka riƙa kai buhuna tashar jirgi. Cikin 'yan shekaru dalar gyaɗa ta tashi a Kano. Ba wanda ya tilasta wa manomi, hanya da kasuwa ya samu.

Rauninmu shi ne yawancin gyaɗar ɗanya take fita. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce ke yanke farashi, tana biyan manomi ƙasa da na kasuwar duniya. Da kuɗin man fetur ya kwararo, fari ya afka a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, sai dala ta baje.

Koriya kuwa ta fito daga yaƙi a 1953 cikin talauci. Ta raba wa manoma gonaki, ta tura yara makaranta, ta ba kamfanoni rance bisa sharaɗin su sayar da kaya a ƙasashen waje. Masana'antar ƙarfenta ta POSCO ta fara aiki a 1973, ƙarfen ya wuce kai tsaye zuwa masu ƙera jiragen ruwa da motoci.

Mu ma mun yi gini. An buɗe masana'antar mulmula ƙarfe a Katsina a 1982, amma ɗanyen ƙarfen daga Aladja can Kudu take jira, Ajaokuta kuma ba ta kammalu ba. A nan kusa da mu, a Dutsin-Ma, an gama madatsar ruwa ta Zobe a 1983 don noman rani da ruwan sha, sai ruwan ya yi shekaru a kwance saboda ba a ƙarasa magudanan da za su kai shi gonaki ba. Matasan Barkiya da Kurfi suka ci gaba da tafiya ci-rani, ga ruwa a maƙwabta.

Koriya ta tsere mana ne domin duk abin da ta gina, ta haɗa shi da mai amfani da shi. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Namu ma an tona, kai shi gona ya rage. Idan za mu rubuta tarihin wani aiki a garuruwanmu, mu bi sawunsa har ƙofar manomi da maƙeri, kada mu tsaya a ranar yanke kyalle. Allah ya sa mu dace.