Gidajen jinyar masu shaye-shaye: wa ke ba da izini, wa ke sa ido?

Gundumomin Dogondutsi da Tibiri, a jahar Doso, suna iyaka da Najeriya, kuma ƴan Arewa na da dangi da kasuwanni a ɓangarori biyu. Idan tramol ko wiwi ta fi ƙarfin matashi, iyaye kan nemi wurin da za a kwantar da shi, a nan gida ko a ƙetaren iyaka. Wuraren iri biyu ne: cibiyar jinya mai ma'aikatan lafiya, da gidan mari, inda malami ke tsare kangararru da sunan tarbiyya. Abin da ya raba su a idon doka shi ne izinin hukuma da binciken da ke biyo bayansa.

Abin da dokar Nijar ta tanada

Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ita ce mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumban 1999, kuma ofishin OCRTIS ne ke farautar masu fatauci. Buɗe wurin jinya kuwa lamari ne na ofishin ministan kiwon lafiya. Doka mai lamba 98-016 ta ranar 15 ga Yunin 1998 ce ta tsara aikin lafiya mai zaman kansa, kuma a ƙarƙashinta ba a buɗe asibiti ko ɗakin shan magani sai da izini. Takardar ƙungiya ko ta makarantar allo ba ta zama izinin jinya ba. Bayan haka, dokar hukunta laifuka ta hana tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, ko da danginsa ne suka kai shi.

A tsarin gwamnati, marar lafiya daga Matankari ko Geceme yana farawa da CSI mafi kusa, sai likitar gunduma, sai babban asibitin jaha da ke Doso. Idan abin ya taɓa ƙwaƙwalwa sosai, ana tura shi sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa a Yamai, wanda aka fi sani da Pavillon E.

Darasin 2019 a Najeriya

A ƙarshen Satumban 2019, ƴan sanda suka kai samame wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara. Da yawa suna ɗaure da mari, jikinsu duk tabon bulala. A watan Oktoba aka fasa irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya, sannan gwamnatin Kano ta ba da umurnin rufe gidajen mari na jihar. Cikin waɗanda aka kuɓutar akwai ƴan ƙasashen maƙwabta.

Ba a ɓoye gidajen suke ba. Wasunsu sun yi shekaru a tsakiyar unguwa, iyaye ne ke kai ƴaƴansu da kansu, suna kuma biyan kuɗi. Sai dai suna aiki da sunan makaranta, don haka masu binciken lafiya ba sa shiga, su kuma hukumomin ilimi ba su ɗauke su wurin jinya ba. Buƙata kuma ta fi ƙarfin asibitoci: binciken da Najeriya ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 da suka sha ƙwaya cikin shekara guda. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Me ya sa kulle kaɗai bai isa ba?

Wanda jikinsa ya saba da tramol, idan aka yanke masa rana ɗaya, yakan yi fama da amai da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Mai shan diyazefam ko barasa da yawa kuwa yana iya faɗuwa da farfaɗiya, har ya mutu. Akwai wani haɗarin bayan sallama: jiki ya manta da ƙwayar, don haka adadin da mutum ya saba sha a da yana iya kashe shi idan ya koma. Shi ya sa ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya da ofishin yaƙi da ƙwayoyi suka fitar a 2020 suka nemi a yi jinya da yardar marar lafiya, ba duka ba ɗauri, kuma a ci gaba da bibiyarsa bayan ya koma gida.

Abin da iyaye za su duba

Na farko, takardar izini daga hukumar lafiya, mai ɗauke da sunan wurin. Na biyu, likita ko ma'aikacin jinya da ke duba mutane kullum, da rajistar da ake rubuta maganin da aka ba kowa. Na uku, a bar dangi su ga ɗansu su kaɗai, su kuma ga ɗakin da yake kwana. Na huɗu, a faɗi ranar sallama da asibitin da ake kai wanda jikinsa ya rikice.

Addu'a da nasihar malamai suna da muhallinsu, kuma ana iya haɗa su da maganin asibiti. Amma duk inda aka ga sarƙa a ƙafar mutum, ko aka hana ziyara, abin yi shi ne a sanar da babban likitan gunduma, ko jandarmomi, ko mai gabatar da ƙara a kotu.