Tarihin Auna Sinadaran Fenol a Ganyen Shayi da Na'ura

Sinadaran fenol su ne ke ba shayi bauri da launi, wannan kowa ya yarda. Inda ake saɓani shi ne mafarin awonsu: wani ya jingina dabarar ga 1927, wani ga 1965. Abin da ya kawo ruɗanin kuwa, ba don shayi aka ƙirƙiro ta ba, arowa aka yi.

A 1912 Otto Folin da Willey Denis suka haɗa wani ruwan gwaji a Jami'ar Harvard ta Amurka. A 1927 Folin da Vintilă Ciocâlteu, ɗan ƙasar Romaniya, suka gyara shi. Furotin ne a gabansu, babu ruwansu da ganye. Sai a 1965 Singleton da Rossi, a Jami'ar Kaliforniya da ke Davis, suka daidaita shi don auna jimillar fenol, su ma a kan giyar inabi. Idan ruwan gwajin ya haɗu da fenol a cikin haɗi mai kanwa-kanwa, sai ya rikiɗe ya yi shuɗi. Iya yawan fenol, iya kaurin shuɗin. Akan karanta shi a nanomita 765, a gwada da sinadarin galik asid.

Na'urar awon kanta daga asibiti ta fito. Leonard Skeggs ya ƙera wadda ke tura samfurin jini cikin siririn bututu, kumfar iska na raba wannan samfuri da wancan, kamfanin Technicon ya fitar da ita kasuwa a 1957 da sunan AutoAnalyzer. A 1975 Růžička da Hansen a Denmak suka fito da salon da ba ya buƙatar kumfar. Slinkard da Singleton ne suka ɗora gwajin Folin a kan na'ura a 1977, suka kwatanta sakamakonsa da na aikin hannu. Idan awo da na'ura ake nufi, wannan shekarar ce ta fi cancanta a riƙe. Shekarun 1927 da 1965 tarihin ruwan gwaji ne kawai.

Masana shayi suna da tasu hanyar. A 1961 Roberts da Smith suka fitar da dabarar auna sinadaran da ke ba baƙin shayi launinsa, a Japan da Sin kuma an daɗe ana auna fenol ɗin shayi da gishirin ƙarfe. A 2005 hukumar ISO ta tsayar da ƙa'ida mai lamba 14502: kashi na farko ya ɗauki gwajin Folin, na biyu ya ɗauki na'urar HPLC mai ware sinadaran katekin, wani rukunin fenol, ɗaya bayan ɗaya.

Na'ura ta kawo sauri, amma ba ta kawar da aibin ruwan Folin ba. Bitamin C ma yana sa shi yin shuɗi, don haka a shayin kwalba da aka ƙara wa bitamin, adadin da ake samu yakan zarce ainihin fenol ɗin da ke ciki.